Yanke Ƙauna da Maganinsa: Imani da Zumunci a Ƙasar Gusau, Tsafe da Bunguɗu



Gabatarwa

Da aka nemi in yi wannan lacca, sai da na yi kwana da kwanaki ina jujjuya al'amarin a zuciyata. Dalili na farko shi ne, ni ba malamin fiƙihu ba ne, ba kuma likita ba. Sana'ata nazarin harshen Hausa da adabinsa. Dalili na biyu ya fi nauyi. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya miƙe a Gusau a wannan zamani ya yi wa jama'a maganar sa rai, alhali kuwa a cikin zauren nan da wuya a rasa wanda ya binne ɗan'uwa, ko ya shiga karo-karon kuɗin fansa, ko yake da gonar gado wadda ya yi damina uku bai taka ba. Saboda haka ina roƙon gafara tun daga farko, in na taɓa wani miki da bai warke ba.

Abin da nake so in nuna abu ɗaya ne. A tunanin Bahaushe, sa rai igiya ce mai tufka biyu: dogaro ga Allah, da riƙon mutane. In aka warware ɗaya, ɗayar ba ta daɗewa. Zan fara da shaidar harshe, in bi ta tarihin wannan yanki, sa'an nan in zo ga halin da ake ciki da abin da ya hau kanmu.

Abin da harshe ya adana

Harshe rumbu ne. Abin da kakanni suka gane game da zaman duniya, a cikin kalmomi suka zuba shi, ko da ba su rubuta ba. To, bari mu buɗe rumbun.

Bahaushe yana da kalmomi da dama a wannan fage: fata, tsammani, buri, zato, da kuma sa rai. Ku dubi ta ƙarshen nan. Wanda yake jiran alheri, rai ya ɗauka ya sa a cikin abin. Wanda ya gaji da jira kuwa, sai a ce ya fid da rai. Watau a wurin Bahaushe, tsammani da rayuwa gida ɗaya suke, har da kalma ɗaya ake kiransu.

Amma maganar da ta fi ba ni mamaki ita ce “yanke ƙauna”, ko “ɗebe ƙauna”. Kowa ya san ƙauna ita ce son da ke tsakanin uwa da ɗa, ko tsakanin aminai. Me ya kawo ta cikin zancen tsammani? Manomi ya ga hadari ya watse sau uku, sai ya ce ya yanke ƙauna da ruwa. Majinyaci ya jigata, sai a ce an ɗebe ƙauna. Harshen ya ɗaure so da tsammani da igiya guda, ya kuma zaɓi aikatau “yanke”, kamar dai yadda ake cewa an yanke zumunci. Abin da nake karantawa a nan shi ne, mutum ba ya fid da rai sai ya ji wani abu ya tsinke tsakaninsa da wani, ko tsakaninsa da Mahaliccinsa, ko tsakaninsa da jama'a.

Haka kuma in muka dubi gaisuwa. Baƙon da ke koyon Hausa yakan yi mamaki, ya ce mutanen nan ba su faɗin gaskiya: a tambayi mai ciwo, ya ce “da sauƙi”, a tambayi wanda ya wuni yana huɗa, ya ce “ba gajiya”, a tambayi labari, a ce “sai alheri”. Ai ba rahoto ake bayarwa ba. Addu'a ce ake yi da bakin mutum biyu. Mai tambaya yana cewa na san da kai, mai amsawa yana cewa ban fid da rai ba. A gidan makoki kuwa cewa ake yi, “Yaya muka ji da haƙuri?” Ku lura da “muka”. Mai ta'aziyya ya sa kansa cikin rashin tun kafin ya zauna a tabarma.

A shekarar 1973 wani Bature masanin ƙasar Hausa, A. H. M. Kirk-Greene, ya yi lacca a Jami'ar Indiana ta Amurka a kan “mutumin kirki”, inda ya jero halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. In kuka auna su ɗaya-ɗaya, za ku ga kusan dukkansu ba su tabbata sai da wani mutum a gabanka. Ba a karamci a daji, ba a kunyar dutse. Ita kanta kalmar mutunci daga mutum aka ciro ta. Ma'anar rayuwa a wurin Bahaushe ke nan: ka zama mutum a cikin mutane, a gaban Allah.

Ƙasar da tarihinta

Wannan yanki ba baƙon ilmi ba ne, ba kuma baƙon wahala ba. 'Yandoto, da ke kusa da Tsafe, ta yi suna a kan malamai da almajirai tun kafin jihadi, har yau kuma sarkin Tsafe 'Yandoton Tsafe ake kiransa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wajen shekara biyar yana yawon wa'azi a ƙasar Zamfara daga kimanin 1786, maza da mata suna taruwa suna saurarensa. Da wani malami ya soki halartar mata, ƙanensa Abdullahi ne ya mayar da amsa, ya nuna barin su cikin jahilci ya fi muni. Daga baya 'yar Shehu, Nana Asma'u, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji mata suke ɗaukar karatu su kai wa mata a ƙauyuka. Ku lura, a duk wannan, addini da ƙafa ya yaɗu, mutum ya je wurin mutum.

Ita Gusau, Malam Sambo ɗan Ashafa ne ya kafa ta a farkon ƙarni na 19, bayan rikicin da ya ci 'Yandoto a shekarun farko na jihadi. Tarihin garin ya nuna akwai lokacin da hare-hare suka tilasta wa mutanensa ƙaura, suka zauna a Rawayya, daga baya suka dawo suka sake gina garinsu. Ashe birnin da yau yake karɓar 'yan gudun hijira, 'yan gudun hijira ne suka raya shi.

Da layin dogo ya taso daga Zariya ya bi ta Tsafe da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, sai auduga da gyaɗa suka jawo Yarabawa da Nufawa da Ibo da sauran ƙabilu. Aka yi Sabon Gari, masallaci da coci suka zauna a gari ɗaya, kowa yana cin kasuwa da kowa. A ƙauyukan Bunguɗu da Kwatarkwashi da Tsafe kuwa akwai wata tsohuwar yarjejeniya wadda ba a rubuta ba. Bayan girbi makiyayi ya sauka a gonar manomi, shanu su ci kara su bar taki. Manomin da ya samu rara ya sayi saniya ya ba Bafulatani kiwo. Matar ruga ta kawo nono, matar gari ta ba da gero. Akan yi saɓani a kan ɓarna, amma akwai hakimi da arɗo da alƙali, akwai kuma kunyar ido. A kan wannan harsashi aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996, da Gusau a matsayin babban birninta.

Abin da ya tsinke

Ba sai na daɗe a nan ba, gama kun fi ni sani. A watan Yuni na 2013 an kashe mutum fiye da 40 a Kizara ta ƙasar Tsafe. Ranar 26 ga Fabrairu, 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. A watan Satumba na wannan shekara aka sace Sarkin Fulanin Bunguɗu a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya yi kimanin wata guda a hannu. A watan Satumba na 2023 aka shiga Sabon Gida aka tafi da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, akasarinsu mata. Waɗannan su ne aka ji a rediyo. Waɗanda ba a ji ba sun fi yawa.

Abin da nake so ku duba shi ne wuraren da wannan bala'i ya fi dukawa: hanya, kasuwa, gona, makaranta, masallaci. Duka wuraren haɗuwar mutane ne. Bahaushe ya ce zumunci a ƙafa yake. To, yaya ke nan in ƙafa ta ji tsoron hanya? Mace ta haihu a Ɗanjibga, uwarta tana Gusau ta kasa zuwa wankan jego. Aka yi rasuwa, aka yi ta'aziyya ta waya. A watan Satumba na 2021 ma wayar aka rufe a duk faɗin jihar, aka rufe kasuwannin mako-mako, domin matakan tsaro. Ko mene ne amfanin wannan mataki a fagen yaƙi, ya nuna mana wani abu: mutane da yawa sun ce rashin jin muryar nasu ya fi tsadar abinci ciwo. Har aka koma rubuta wasiƙa ana ba direbobi a tasha, kamar zamanin kakanni.

Asarar dukiya ana iya ƙidaya ta. Akwai wata asara da ba ta shiga lissafi, watau zargi. Maƙwabci yana tsoron maƙwabci kada ya zama mai kai rahoto daji. Wanda aka sako yana jin nauyin dangin da suka sayar da gona dominsa. Matar da ta dawo daga hannun ɓarayi tana ganin ana kallonta. Bafulatanin da bai taɓa riƙe bindiga ba, wanda shi ma an kore masa shanu, yana tsoron shiga kasuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan ne yanke ƙauna yake samun ƙofa.

Tawakkali na gaskiya da na jabu

Malamai sun karantar da mu cewa mumini yana tafiya ne tsakanin tsoro da fata. A cikin Suratu Yusuf, Annabi Yakubu, bayan shekaru na rashin ɗansa, har idanunsa suka yi fari don baƙin ciki, ya hana 'ya'yansa fid da rai daga rahamar Allah. Abubuwa biyu ne a cikin wannan ƙissa da muke yawan mantawa. Na farko, ya yi kuka, kukan kuma bai rage masa imani ba. Saboda haka kada mu riƙa gaggawar rufe bakin mai kuka da “yi haƙuri” tun bai faɗi abin da ke ransa ba. Na biyu, a daidai lokacin da ya hana su fid da rai, cewa ya yi su tashi su tafi nema. Fata da tafiya tare suka zo.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi misali da manomi a cikin littafinsa Ihya. Wanda ya gyara ƙasa, ya zuba iri mai kyau, ya yi ban ruwa, ya cire ciyawa, sa'an nan ya zauna yana jiran falalar Allah, shi ne mai fata. Wanda bai shuka kome ba yake jiran girbi, wannan ruɗin kai ne. Ba na jin akwai inda za a fi gane wannan misali kamar jihar da take alfahari da noma. Mu ma muna cewa, Allah ya ce tashi in taimake ka.

A nan tilas in yi magana da ba ta da daɗi. Haƙuri maganin zaman duniya ne, gaskiya ne. Amma haƙuri ado ne a bakin wanda aka cuta. In ya koma bakin wanda aka ɗora wa nauyin kare shi, ya zama mafaka. “Sai haƙuri” da “haka Allah ya ƙaddara” magana ce ta mai makoki. In mai riƙe da amanar jama'a ya mai da su amsar kowace tambaya, to, ya ɗauki kalmar addini ya rufe gazawarsa da ita. Illar wannan babba ce, domin yaron da ya tashi yana jin ana kiran sunan Allah duk lokacin da aka ƙi yin aiki, wata rana zai yanke ƙauna da mutane, ya haɗa har da kalmar.

Mutum rahama ne

Lokacin da nake karatun digiri na uku a ƙasar waje, na zauna a wani gida mai ɗakuna da yawa, na yi wata shida ban san sunan wanda ke jikin bangona ba. Abinci akwai, wuta ba ta ɗaukewa, ba ƙarar bindiga. Duk da haka a cikin hunturun farko na ji wani irin nauyi a ƙirji wanda ban san sunansa ba. Abin da ya ɗauke shi ba wani abu ba ne illa sallar Juma'a a wani ɗan ɗaki, da wani dattijo mutumin Damagaram da ya ji Hausa a bakina ya riƙe hannuna ya ƙi saki, ya ce gobe tuwo a gidansa. A can ne na karanta littafin Viktor Frankl, likitan ƙwaƙwalwa mutumin Biyana, wanda ya fito a 1946 bayan ya tsira daga sansanonin 'yan Nazi, inda ya rasa matarsa da iyayensa. Abin da ya lura shi ne, waɗanda suka fi jure azaba su ne masu wani dalili a gabansu, ko wani mutum da suke sa ran gani, ko wani aiki da ba su gama ba, ko imani. Na rufe littafin na ce, ai kakata ta san wannan, da karin magana mai kalma uku ta gama shi: mutum rahama ne.

Bayan na dawo gida, na ga abin da idona. Wata gwaggona da aka tasa daga ƙauyensu a ƙasar Tsafe ta sauka a nan Gusau da jikoki huɗu, a wani kangon gida da mai shi ya ba su aro. Mijinta da babban ɗanta sun riga mu gidan gaskiya a dare ɗaya. Watannin farko ba ta magana, ba ta cin abinci sai an matsa. Mun kai kuɗi, mun kai magani, ba abin da ya sauya. Sai wata maƙwabciya, wadda ba dangin iya ba na baba, ta fara aiko mata da 'ya'yanta biyu da asuba wai ta biya musu karatun allo, don ta ji an ce ta yi sauka. Daga biyu suka zama tara. Aka sa ta cikin adashin matan unguwa, ta ɗauki kwasar farko ta sayi gyaɗa ta fara ƙuli-ƙuli. Da na je gaishe ta bayan shekara, na tambaye ta yaya ƙarfin jiki, sai ta ce, “Ɗana, ina zan samu lokacin ciwo, yara na jirana?”

Ku duba abin da maƙwabciyar nan ta yi. Mu mun ba gwaggo abin da take bukata, ita kuwa ta nuna mata ana bukatarta. Ta kuma yi haka ta hanyar Alƙur'ani, watau tufka biyun nan suka haɗu a tabarma ɗaya. Akasarin waɗanda aka raba da gidajensu a wannan yanki ba a sansani suke ba. Suna cikin gidajen dangi da na bayin Allah, a zaure da kango da shago. Talakawa ne suke ɗauke da talakawa. Gayya, adashi, jaje, gudummawar biki, kwanon maƙwabci da azumi, zakka da waƙafi, waɗannan su ne hukumomin da ba su taɓa rufe ofis ba.

Abin da ya hau kanmu

Ga 'yan'uwana ma'aikata, ina da roƙo. Na taɓa zama a wani ofis ina jiran wata takarda, sai ga wani tsoho ya biyo hanyar da kowa ke tsoro, ya zo neman haƙƙin ɗansa da ya rasu. Aka ce ya dawo mako mai zuwa, ba tare da an ko ɗaga kai an dube shi ba. Tsohon ya ce “Allah ya kai mu”, ya juya. Wanda ya sallame shi bai san cewa a wannan rana shi ne fuskar gwamnati gaba ɗaya a wurin tsohon nan ba. Kowane fayil mutum ne. Malamar asibiti da ta kira majinyaci da sunansa, akawun da ya gama takardar gwauruwa a ranar, malamin makarantar da ya karɓi yaron ɗan gudun hijira ba tare da ya ce sai takardar haihuwar da ta ƙone ba, duk suna ɗaura igiyar da ta tsinke. Wannan ibada ce, ba ta kuma bukatar sabon kasafin kuɗi.

Ga ɗalibai kuma, abu uku. Na ɗaya, ku kula da harshenku. Ɓarawo ɓarawo ne, a kira shi da sunan aikinsa, kada a kira shi da sunan ƙabilarsa. Ranar da kalma ɗaya ta haɗa mai laifi da marar laifi, an rufe ƙofar sulhu, an kuma ƙara wa daji mayaƙa. Wanda yake da aboki Bafulatani, ko Bahaushe, ko Kirista a aji, ya riƙe shi da kyau, domin irin da za a shuka ke nan in ƙura ta lafa. Na biyu, ku daina yaɗa hotunan gawawwaki a waya. Mamaci yana da mutunci, mai rai kuma yana da zuciya. Na uku, ku ɗauki alƙalami ku zauna gaban tsofaffin da aka taso daga ƙauyuka, ku rubuta sunayen unguwanninsu da rijiyoyinsu da kirarin garinsu da yadda ake gayya a can. Wannan aikin ilmi ne, amma kuma magani ne, gama wanda aka zauna aka saurara ya san bai ɓace ba. In kuma kun ga wanda baƙin ciki ya hana shi barci da abinci, ko yake maganar gajiya da rayuwa, ku raka shi asibiti. Neman magani ba ya warware tawakkali.

Kammalawa

Jama'a, ban zo da alkawarin ranar da wannan masifa za ta ƙare ba. Tsaro aikin hukuma ne, kuma wajibi ne mu ci gaba da tambayarta, da ladabi amma ba da gajiya ba. Abin da na ce shi ne, akwai wani yanki na yaƙin da yake hannunmu. Masu bindiga suna iya tare hanyar Tsafe, amma ba su iya hana ka ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcinka. Mutanen Malam Sambo sun bar garin nan sun dawo, domin sun tafi tare, sun yi salla tare, ba su kuma manta da juna ba. Muna cewa komai nisan dare gari zai waye. Haka ne, amma a ƙauye in dare ya yi tsawo, mutane sukan kira juna ta kan danga don kowa ya san ɗan'uwansa yana nan.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, ya mai da kowa gidansa, ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana.